Kundin aiki: tarihin Maigida a wasan tsoron da muke haɗawa

9 ga Janairu, 2025

Taswirar gidan ta kammala. Akwai falon baƙi, ɗakin karatu, ɗakin yara a bene na biyu, da matattakala biyu, ɗaya ta iyayengiji ɗaya ta barori. Abin da babu har yanzu shi ne mutumin da ya mallaki gidan, kuma ni aka ɗora wa nauyin samo shi.

Ga wanda yanzu ya fara bibiyarmu: wasan kwamfuta ne na tsoro irin salon gotik, wato tsohon katafaren gida, da hazo, da asirin dangi da aka binne. Labarin yana faruwa a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, shekarar 1861. Mai wasa zai shiga rigar 'yar gidan, wadda ta dawo bayan rasuwar mahaifinta don ta kwashe kayan mahaifiyarta kafin ɗan baffanta ya karɓi mukullai. Ita ba ta da gado a ƙasar, domin manyan gidajen Ingila na lokacin suna ɗaure gandunsu da yarjejeniyar da ke miƙa shi ga magaji namiji kawai, kada ƙasa ta rarrabu. Uban ba zai taɓa fitowa da rai ba. Ta takardunsa za a san shi: wasiƙu, rasidai, littafin lissafi. A tsakaninmu Maigida muke ce masa, kuma ina so ya tsaya haka har a cikin wasan.

Mai zanenmu ta zo da nata shirin: ɗakin tsafi a ƙarƙashin ƙasa, da kyandirori, da alkawarin da uban ya ƙulla da Shaiɗan. Ta ce, "Yaya, in babu tsafi, to me zai tsorata mutane?" Na ce mata ta ba ni lokaci. Sharaɗi guda na gindaya wa kaina: duk abin da wannan mutumin ya aikata, dole ya zama dokar ƙasarsa ta halatta shi a shekarar da ya yi shi. In alƙalin 1861 ya zauna ya karanta takardun gidan kaf, kada ya samu abin da zai kama shi da shi. Mutumin da ya sayar da ransa ga Shaiɗan, mai wasa zai kalle shi daga nesa ya ce Allah Ya kiyaye, ya wuce. Wanda ya biya haraji a kan kari, yana da kujerarsa a sahun gaba na coci, shi ne zai hana barci.

21 ga Janairu

Kuɗin gidan daga ina? Wannan na fara warwarewa, don in ba a san tushen dukiya ba, ba a san mai ita ba.

Gonar rake ce a Jamaika, a gundumar St James, ta kakan yarinyar. An haifi Maigida a 1801, aka tura shi can a 1826 ya kula da gonar. Na zaɓi St James da gangan. A nan ne boren bayi na ƙarshen Disamban 1831 ya tashi, ƙarƙashin jagorancin Samuel Sharpe, wani bawa mai wa'azi a cocin Baptist. Da yajin aiki aka shirya farawa, sai wuta ta kama gonaki. Turawan da aka kashe ba su wuce 14 ba. Bayin da aka zartar wa hukuncin kisa bayan an murƙushe boren sun haura 300, shi kansa Sharpe aka rataye shi a Montego Bay a watan Mayun 1832. Bature mai gona a wannan gundumar yana cikin dakarun sa-kai ko ya so ko ya ƙi, don haka Maigida yana wurin.

Me ya yi a wurin? Na rubuta wasiƙar da ya aika wa mahaifinsa a Fabrairun 1832, shafi guda. Kashi uku cikin huɗu bayanin asara ne: injin matse rake ya ƙone, rumbu ya ƙone, noman bana ya tafi. Sai layi ɗaya a ƙasa, cewa an rage mutum tara a jerin ma'aikata, ya kuma rubuta kimar kowanne da fam. Bai ce an rataye su ba. Mai wasa ne zai haɗa kwanan watan da abin da ya faru.

Sai diyya. Dokar 1833 da ta soke bauta a yankunan mulkin Birtaniya ta ware fam miliyan 20, wajen kashi 40 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa a shekara, don a biya masu bayi. Bayin, su kusan 800,000, ba su samu ko sisi ba, sai ma aka tilasta musu ci gaba da aiki a matsayin wai masu koyon sana'a har 1838. Bashin da aka ciwo don wannan biyan, sai 2015 Baitulmalin Birtaniya ya gama sauke shi. Jami'ar UCL da ke Landan ta zuba bayanan waɗanda suka karɓi kuɗin a intanet tun 2013, kowa na iya dubawa: sunan mai gona, adadin mutane, abin da aka biya har sule da kwabo. Daga can na ɗauko fasalin takardar da mai wasa zai tsinta a aljihun tebur. A Jamaika abin ya kama kusan fam 20 kan kowane mutum, don haka na ba Maigida bayi 212, kuɗinsa ya ɗan haura fam 4,000. Takarda ce mai tsabta, mai hatimin gwamnati. Ina so ta fi kowace takarda a gidan kyau.

4 ga Fabrairu

Wani abu ya faɗo min da ban nema ba. A Jamaika an yi wani bawa mai suna Abubakar al-Siddiƙ, haifaffen Timbuktu, wanda ya yi karatun Alƙur'ani kafin a kama shi a sayar. Ubangidansa ya sa shi riƙe lissafi, shi kuwa da haruffan Larabci yake rubutawa. Wani alƙali ɗan Ayaland, Richard Madden, ya taimaka aka 'yanta shi a 1834, ya kuma adana tarihin rayuwarsa da ya rubuta da Larabci.

Ba zan sa shi a wasan ba, mutum ne na gaske kuma ba namu ba ne da za mu yi wasa da shi. Amma littafin lissafin gonar da Maigida ya dawo da shi Ingila zai zo da shafuka da wani magatakarda bawa ya cike da haruffan Larabci. A gefen layin mutum taran nan, ya rubuta sunayensu na ainihi. Maigida ya ajiye littafin shekara talatin a ɗakin karatunsa bai iya karanta gefen ba, bai kuma taɓa neman wanda zai karanta masa ba. 'Yarsa ma ba za ta iya ba. Mai wasan da ya yi makarantar allo zai karanta da idonsa, ba tare da wasan ya fassara masa ba. Mai haɗa manhajarmu ya tambaya ko a sa fassara ga sauran jama'a. Na ce a sa, amma sai can kusa da ƙarshe.

18 ga Fabrairu

Kuɗin diyya bai kwanta a banki ba. Maigida ya dawo gida a 1833 da mahaifinsa ya rasu, ya yi aure a 1835, a 1836 ya haƙa ramin kwal a gefen gandunsa. Yammacin Yorkshire a kan kwal yake zaune, masu ƙasa da yawa haka suka yi.

Na daɗe ina karanta abin da ya faru a ramin Huskar, kusa da ƙauyen Silkstone, ranar 4 ga Yuli, 1838, kwana shida bayan naɗin Sarauniya Biktoriya. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, injin da ke fito da ma'aikata ya tsaya, wasu yara suka gaji da jira suka bi wata hanya mai gangare don su fita da ƙafa. Rafi ya cika ya kwararo ta bakin hanyar. Yara 26 suka mutu, mata 11 maza 15, ƙaraminsu ɗan shekara bakwai. Masu bincike suka ce hatsari ne. Ba wanda ya karya doka, domin dokar da ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma shiga ƙarƙashin ƙasa sai 1842 aka yi ta, bayan hukumar binciken da Lord Ashley ya matsa aka kafa.

Ba zan ambaci Huskar a wasan ba. Kabarin yaran yana nan a harabar cocin Silkstone, kuma zuriyar danginsu na raye. Namu ramin ƙirƙira ne, ambaliyarsa a 1839, yara goma sha ɗaya. Abin da na ara shi ne yadda hukuma ta rufe maganar, da yadda manya suka mayar da ita hukuncin Ubangiji a kan talakawa.

Takardu uku ne a wannan babin. Wasiƙar shugaban ma'aikata yana neman fam goma sha biyu a ɗaga bangon da ke tare rafi, da amsar Maigida a bayanta cewa a bari sai bayan girbi. Rasidin akwatunan gawa, wanda shi ya biya daga aljihunsa. Sai wasiƙar godiya daga limamin coci, yana yabon karamcinsa. Kuɗin akwatunan ya fi na bangon. Ban sa kowa ya faɗi haka ba, lambobin suna nan ga mai son haɗawa.

19 ga Fabrairu

Gajeren bayani don mai zane. Daga waje gidan yana da tagogi fiye da yadda ake iya ƙirgawa daga ciki. Uku an toshe su da bulo a 1847. Ingila ta karɓi harajin taga daga 1696 har 1851, kuma toshe taga don rage haraji abu ne da kowa ya sani, ba wanda zai yi tambaya. An soke harajin, Maigida bai buɗe nasa ba. A sa rasidin harajin ƙarshe inda mai wasa zai gani.

12 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu, sai bayan tarawihi nake samun zama. Amma wannan babin shi ne zuciyar labarin, kuma gara da ya zo a hankali.

Mutumin da na rubuta zuwa yanzu marowaci ne mai sanyin zuciya, kuma hakan bai isa ba. Mugu zalla ba ya ban tsoro, gundura yake sawa. Dole akwai abin da yake so tsakani da Allah. Ɗansa ne, wanda aka haifa a 1841, bayan 'yar da ta zo a 1837. A wasiƙunsa game da yaron har rubutunsa yakan canza. Yana ba da labarin ranar da ya fara tafiya, da dokin katakon da ya sa aka sassaƙa masa. A 1845 ya sa aka gyara ɗakin yara, ya aika Landan aka kawo takardar bango mafi tsada, koriya shar mai zanen ganye. Wannan ne kaɗai wurin da bai yi ciniki ba a duk littafin lissafinsa.

Koren nan guba ne. Wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Carl Scheele, ya haɗa shi a 1775 daga tagulla da asenik, daga baya aka fito da wani da ya fi shi haske, shi ma da asenik. Ya shiga takardar bango, da tufafi, da furannin ado, har da kayan wasan yara. Fentin yana barbaɗowa ya zama ƙura a ɗaki, yara kuwa a ƙasa suke wasa, suna taɓa bango suna kai hannu baki. Tun 1839 Leopold Gmelin ya yi gargaɗi a Jamus game da irin wannan takarda a ɗakuna masu danshi. A Ingila sai ƙarshen shekarun 1850 likitoci suka fara ɗaga murya sosai, kuma majalisa ba ta taɓa yin dokar hana ta ba. Dokar asenik ta 1851 sayar da garin gubar kawai ta taƙaita. Can wajen 1890 wani likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya nuna cewa fumfuna na iya fitar da iska mai warin tafarnuwa daga irin wannan fenti. Masana na jayayya har yau ko iskar ce ke kisa ko ƙurar, amma warin ya yi min amfani: shi ne abu na farko da 'yar za ta ambata in ta buɗe ƙofar.

Yaron ya fara ciwo, amai da ciwon ciki da rama. In aka kai shi bakin teku a Scarborough ya murmure, in aka dawo da shi ɗakinsa ya koma. Uwar ce ta lura. Ta ce bangon ne. Ta roƙa a ɗauke shi daga ɗakin, likita ya ce a rufe tagogi kada sanyi ya kama shi, uban ya bi likita. Yaron ya rasu a 1846.

Daga nan matar ba ta yi shiru ba. Ta faɗa a gaban barori, ta faɗa a gaban baƙi, wata rana aka same ta tana yage takardar da farce. Ga inda nake so mai wasa ya tsaya ya yi tunani: Maigida yana da zaɓi biyu. Ko matarsa ta yi gaskiya, wato da kuɗinsa da hannunsa ya kashe abin da ya fi so a duniya, ko kuwa ta haukace. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, shi da haukan wani ya naɗe tasa.

Doka kuma ta shimfiɗa masa hanya. Matar aure a lokacin ba ta da dukiyar kanta, abin da ta zo da shi na miji ne, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. Saki kafin 1857 sai da dokar majalisa ta musamman. Kai mutum gidan mahaukata mai zaman kansa, sa hannun likitoci biyu da umarnin dangi kawai ake bukata. A 1840, a shari'ar Cochrane, kotu ta ce miji na iya tsare matarsa a gida da ƙarfi, kuma sai 1891 wata kotu ta rushe wannan. Marubuci ɗan majalisa Edward Bulwer-Lytton ya sa an kulle matarsa Rosina a 1858, surutun jaridu ne ya fito da ita cikin 'yan makonni. Matar Maigida ba ta da jarida. Shekara guda ta yi a gidan mahaukata, sannan ya dawo da ita, don hukumar sa ido kan gidajen mahaukata da dokar 1845 ta kafa tana zagaya gidaje masu lasisi, amma wanda danginsa suka riƙe a gida, hannunta bai cika kai masa ba. Tagogi ukun nan nata ne.

Na san matar da aka kulle a bene tsohuwar hanya ce a irin wannan labari, an bi ta har ta gaji. Abin da ya sa na yarda na bi ta shi ne mai wasa zai iya tabbatar da maganarta. James Marsh ya fito da gwajin gano asenik a 1836, shekara goma kafin yaron ya rasu. 'Yar za ta kankaro bangon, ta haɗa gwajin a ɗakin ajiyar magani, baƙin tabo mai sheƙi ya fito a kan farantin tangaran. A takardar likitocin kuwa, hujjar hauka ta farko da suka rubuta ita ce ta yi imani bango yana da guba.

8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Na zuba takardun duka a Ink, manhajar rubuta labarin wasa, mai haɗa manhaja ya jona su da Godot, manhajar da muke gina wasan da ita, yanzu ana iya ɗaukar wasiƙa a juya bayanta. Mai zane ta yi wa Maigida rubutun hannu iri uku: na saurayi mai kwalliya, na magidanci a tsaye ƙyam, na tsoho mai karkarwa. Karkarwar ta lodanam ce, ruwan opiyam da aka jiƙa a barasa, wanda ake sayarwa a kowane kanti ba tambaya kafin dokar magunguna ta 1868. Rasidan kantin suna ƙaruwa daga 1847 zuwa gaba.

Maganar murya: mai sauti yana so a samo wanda zai karanta wasiƙun. Na ƙi. Duk muryar da aka sa za ta yanke wa mai wasa hukunci, ko ta fito da mugunta ko ta fito da tausayi. A bar shi ya ji da muryar da ke kansa.

27 ga Afrilu

Mun ba wasu abokai su gwada. Abin da ya faru ya fi abin da na zata daɗi: gardama ta kaure a tsakaninsu. Wani ya ce mutumin nan azzalumi ne tun daga Jamaika, sauran duk ci gaba ne. Wata ta ce ita tausayinsa ta ji, rashin sani ya fi dare duhu, kuma uban da ya binne ɗansa ba a yi masa hisabi irin na kowa. Wani dattijo a cikinsu, malamin makaranta ne mai ritaya, ya juyo ya ce min, "Ɗana, tambaya ɗaya ce: ya sani ko bai sani ba?" Na ce, "Baba, me ka gani a takardun?" Ya ce ya ga ɗakin yaran a kulle, amma ba a cire takardar bangon ba.

Wannan ya sa na ƙara takarda guda. Yankin mujallar likitoci ne na 1858 a kan koren fenti, an ninke shi an cusa a bayan littafin lissafi. Ba a rubuta komai a kai ba. Matar ta rasu a 1859, a ɗakin nan dai da aka toshe wa tagogi. Ke nan ya karanta, ya fahimta, ya ninke, ya bar ta a ciki shekara guda cur. Wadda ta ji tausayinsa ta sake bugawa da wannan ƙarin, ta ce har yanzu tana jin tausayin, sai dai yanzu haushin kanta take ji. Haka nake so.

Ƙorafi ɗaya da kowa ya yi: karatu ya yi yawa a sa'ar farko. Gaskiyarsu. Za a mayar da takardun Jamaika zuwa tsakiya, a fara da dokin katako da wasiƙun yaron, mai wasa ya fara son uban kafin ya san shi.

15 ga Mayu

Mai zane ta dawo kan batunta, kuma tana da hujja: wasan tsoro ne, ba darasin tarihi ba, dole wani abu ya motsa cikin duhu. Mun daidaita. Babu Shaiɗan, babu alkawari. Abin da ke gidan bashi ne. Littafin lissafin yana ci gaba da cika bayan mai shi ya mutu, duk dare sabon layi, da tawada ɗanya. Ruwa yana tsatsafowa daga ƙasan gidan ya hau matattakalar barori taki ɗaya kowane dare, har goma sha ɗaya. Koren bango yana yaɗuwa zuwa ɗakunan da ba a taɓa liƙa masa takarda ba. Ta samu ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, sai dai tsohuwar hanyar ramin kwal ce da ta bi ta ƙarƙashin gidan, kuma zanen da ta yi na ƙofar iska, irin wadda ake sa ƙananan yara su zauna su riƙa buɗewa da rufewa cikin duhu, ya fi duk wani bagadi da za ta zana ban tsoro.

Abin da ya rage a hannuna: wasiyyarsa, wadda har yanzu ban yanke ko zai ambaci 'yar a ciki ba, da wasiƙun ɗan baffan, da dalilin da ya sa aka tura yarinyar makarantar kwana tana shekara goma. Akwai kuma tambayar da mai haɗa manhaja ya jefo jiya, cewa ita 'yar da wane kuɗi aka yi mata karatu, kuma ko littafin zai buɗe mata nata shafin. Ina ganin zai buɗe. Sai mun zauna da shi mako mai zuwa mu ga ko tsarin ajiye wasan zai ɗauki ƙarshe iri biyu.